Tarihin Tanderun Gasa Tukwane na Tsohuwar Abuja



A zamanmu na ƙarshen wata, wasu daga cikin matasanmu sun kawo shawarar ƙungiya ta ware kuɗi daga asusunta a gina tanderun bulo na gasa tukwane a nan Uke. Hujjarsu ita ce kasaken shuka furanni da tulunan ado suna tafiya sosai a cikin Abuja, ga shi kuma matan da ke ginin tukwane suna tafka asara duk lokacin da iska ko yayyafi ya ɓata musu wuta a fili. Dattawa suka ce a dakata a yi bincike tukuna, tunda kuɗin jama'a ne, da taro da sisi aka tara shi. Aka ɗora wa ofishin sakatare ya tattaro bayani. To, da muka fara tambaya sai muka ga ashe ba mu ne farau ba. An taɓa gina irin wannan tanderu a yankin nan namu fiye da shekara 70 da suka wuce, kuma labarinsa akwai daɗi akwai ɗaci. Waiwaye adon tafiya, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi kowa ya karanta kafin zama na gaba.

WACE ABUJA AKE NUFI?

Bari mu fara da warware abin da ke rikitar da yaranmu. Abujar da za mu yi magana a kanta ba ta Asokoro da Maitama ba ce. Garin da muke kira Suleja a yau, can gaba da Zuba da Madalla, kusa da Dutsen Zuma, shi ne Abuja ta asali. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yo kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa, ƙanensa Abubakar, wanda ake wa laƙabi da Abu Ja, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Haka sunan ya zauna har 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya. Aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma aka koma kiransa Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ku riƙe sunan wannan sarki, don da hannunsa a labarin tanderun.

Zazzagawan da suka zo sun tarar da masu ƙasa a zaune: Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwarawa, da Koro da Gwandara da Gade da sauransu. A cikinsu matan Gbagyi sun yi suna ƙwarai wajen ginin tukwane, musamman na Kwali da Ushafa da ƙauyukan da ke kewaye.

YADDA AKE TOYA TUKUNYA TUN KAKA DA KAKANNI

Maginiyar Gbagyi ba ta amfani da keken juyi. Takan ɗora curin yumɓu a ƙasa ko a kan wani kasko, ta kwarfe cikinsa da hannu, tana jan bangon sama tana zagaya shi da ƙafa, sannan ta riƙa ƙara murɗaɗɗen yumɓu har tulun ya kai wuya. In ya ɗan sha iska sai ta yi masa zane da tsinke ko wuƙa, ta mirgina igiya murɗaɗɗiya a jikinsa ta bar shaida. Yumɓun kuma da gangan ake barinsa da yashi da dakakken tsingaro a ciki.

Wajen toyi, akan shanya tukwanen a rana su bushe sarai, a ɗan gasa su a kan garwashi don sauran danshi ya fita, sannan a jera su a matoya a kan itace, a rufe da kara da busasshiyar ciyawa a cinna wuta. Cikin awa ɗaya ko biyu an gama. Zafin irin wannan wuta yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Da yawa sukan yayyafa wa tukunyar ruwan makuba tun tana da zafi, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, sai ta yi duhu ta yi sheƙi. A wasu garuruwan ƙasar Hausa kuwa maza ne magina, kuma sukan kewaye matoyarsu da gajeriyar katangar ƙasa don ta tare iska ta riƙe zafi.

Wani zai ce wannan wuta ta yi kaɗan. Amma ƙarancin nata shi ne sirrin tukunyar. Saboda ba ta narke ta haɗe ba, jikinta cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan randa ke tsattsafo da ruwa a hankali, iska ta busa shi ya bushe, ruwan ciki ya yi sanyi. Ta nan ne kuma tukunyar miya ke iya zama a kan murhu, gindinta cikin harshen wuta bakinta a iska, ba ta tsage ba. Duk wanda ya sha ruwan randa a watan Maris ya san abin da muke faɗa.

Kada kuma mu ɗauka cewa mutanen dā ba su san babbar wuta ba ne. A Taruga, kudu maso gabas da tsohuwar Abuja, masanin tarihi Bernard Fagg ya tono matoyan narka tama na mutanen Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Narka tama yana buƙatar zafin da ya wuce digiri 1,000. Kun ga mutanen da suka iya fitar da ƙarfe daga dutse ba za a ce wutar tukunya ta gagare su ba. Sun san iyakar zafin da tukunyar girki da ta ruwa ke so, suka tsaya a nan.

ZUWAN MICHAEL CARDEW

Bayan yaƙin duniya na biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta fara tunanin ƙananan masana'antu da za su rage shigo da kaya daga waje. Ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa suna ƙaruwa a birane, suna shan shayi, suna son kofuna da farantan tangaran, kuma duk daga Turai ake kawo su. A 1950 aka ɗauki wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew a matsayin jami'in sana'ar tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu.

An haifi Cardew a 1901. Ya koyi sana'a a hannun Bernard Leach, ya yi shekaru yana gina tukwane a ƙasarsu. Kafin ya zo nan ya sha wuya a Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. A 1942 ya karɓi wata masana'anta a Alajo ƙarƙashin Kwalejin Achimota, ba ta yi ƙarko ba aka rufe ta. Ya koma Vume a bakin kogin Volta ya kafa tasa da kuɗinsa, yumɓu da tanderu suka yi ta ba shi ciwon kai, ga rashin lafiya, a 1948 ya koma gida. Wato ya iso Najeriya yana sane da yadda wuta ke cinye dukiyar mai gaggawa.

Aikinsa na farko shi ne zagaya ƙasa yana duba yumɓu da magina, ya rubuta rahoto. Abin mamaki, Baturen da aka kawo don ya gyara sana'ar sai ya ba da shawarar a ƙyale tukwanen gargajiya yadda suke, domin a wajen girki da ajiyar ruwa ba su da abin gyara. Abin da ya ce a yi shi ne a kafa wata sabuwar sana'a a gefe, ta tangaran mai ƙyalli, don masu sayen kayan waje.

A wannan zagaye ne ya sauka a Abuja, ya ga tarin tuluna da Sarki Sulaimanu Barau ya adana a gidansa. A cikinsu akwai na wata mata daga Kwali, waɗanda suka tsaya masa a rai. A 1951 aka tsayar da Abuja a matsayin mazaunin cibiyar koyar da sana'ar ta Jihar Arewa. Garin ba ya kan layin dogo, kuma wannan babban naƙasu ne ga mai son kai kaya kasuwa. Amma akwai yumɓu, akwai itace, akwai ruwa, akwai gwanayen magina, sannan ga sarki mai son abin. A 1952 cibiyar ta fara aiki, a cikin gine-ginen ƙasa masu rufin ciyawa irin na gida.

MATSALAR BULO

Tangaran irin wanda Cardew yake nufi ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 1,250 zuwa 1,300. A wannan zafi yumɓu yakan fara narkewa daga ciki, kafofinsa su toshe, ya koma kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙarfe. To a nan gizo ke saƙar. Jan bulon da muke gini da shi ba ya jure wannan zafi, yakan yi laushi ya lanƙwashe, rufin ya rufto kan kaya. Jan launin nasa ma ƙarfe ne a cikin ƙasar, kuma shi ke sa ta saurin narkewa. Saboda haka kafin a yi maganar tukunya sai an fara samun bulon da wuta ba ta ci.

Irin wannan bulo da farar ƙasa ta musamman ake yinsa, wadda masana ke kira kawolin, irin wadda ake samu a tsaunukan Jos da kuma Kankara ta jihar Katsina. Akan gasa wani kaso nata, a daka shi kamar tsakin masara, a gauraya da ɗanya, sannan a buga bulo. Dakakken shi ke hana bulon tsukewa da tsagewa in ya sha wuta. Cardew ya dage a kan cewa kayan aikin cibiyar daga ƙasar nan za a samo su, tun daga bulo har ruwan ƙyalli. Ruwan ƙyallin kansa ana haɗa shi ne da niƙaƙƙen dutse da tokar itace da yumɓu, a tsoma kwano a ciki, wuta ta narkar da shi ya zama gilashi a jikin kwanon. Nemo waɗannan kaya da niƙa su da gwada su ya ci shekaru, kuma abin da ya koya a wannan fama ne ya tara a littafinsa mai suna Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, har yau magina a ƙasashe da dama suna aiki da shi.

Tanderun na itace ne, irin wanda wuta ke hawa sama ta dawo ƙasa. Ga yadda irinsa ke aiki. Ana gina ɗaki da bulo, a yi masa rufi mai tulluwa ba tare da azara ko ƙarfe ba, bulo yana danne ɗan'uwansa kamar bakan gizo na soron gargajiya. Ba a sa siminti, da kwaɓaɓɓen yumɓu ake ɗinke bulon. A gefe ake yin bakunan wuta inda ake zuba itace. Harshen wuta in ya shiga sai ya tarar da wata gajeriyar katanga da ke hana shi dukan kaya kai tsaye, ya bi ta ya hau rufi. Rufin a rufe yake, ba mafita, dole ya juyo ƙasa ya ratsa tsakanin tukwane, ya fita ta ramukan da aka bari a daɓe, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa dogon bututun hayaƙi. Bututun shi ke jan iska. In ya gajarta wuta ta yi barci, in ja ya yi yawa zafi ya gudu da hayaƙi. Amfanin wannan zagaye shi ne wuta tana daɗewa a ciki, sama da ƙasa su sami zafi kusan daidai.

Hura shi ma sana'a ce mai zaman kanta. Ana farawa da ƙaramar wuta na awoyi, don in danshin cikin yumɓu ya tafasa da sauri tukunya fashewa take yi, ta kuma fasa na kusa da ita. Wajen digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, nan ma sai an bi a hankali, a hawa da sauka. Daga nan a yi ta zuba itace dare da rana ana karɓa-karɓa, ana leƙawa ta wata 'yar kafa. Launin ciki yakan tashi daga ja mai duhu zuwa ruwan lemo, zuwa rawaya mai kashe ido. Akan kafa wasu 'yan tsinkayen yumɓu da aka haɗa don su lanƙwashe a wani zafi takamaimai, in sun sunkuya an san kaya sun nuna. Sai a toshe ko'ina a bar shi kwanaki ya huce da kansa. Yawancin kaya sau biyu suke shiga wuta, gashin farko mai sauƙi, sannan a sa ruwan ƙyalli a mai da su babbar wuta.

LADI KWALI DA ABOKAN AIKINTA

Da farko maza kaɗai ake ɗauka. Hukumomin En'e ne ke turo su daga sassan Arewa, da nufin in sun ƙware su koma garuruwansu su buɗe nasu. Hausa ce harshen aiki a wurin. Suna yin butocin shayi da kofuna da faranti da kwanonin miya masu murfi a kan keken juyi. A gindin kowane kaya akan buga hatimin cibiyar, kalmar Abuja da rubutun ajami, kusa da shi kuma alamar wanda ya gina.

A 1954 matar nan ta Kwali ta shigo, ita ce mace ta farko a cibiyar. An haifi Ladi Kwali wajen 1925, ta koyi gini a hannun gwaggonta tun tana yarinya, kuma kafin Cardew ya san ta sarakuna sun riga sun san tulunanta. Ta koyi keken juyi ta iya, amma ba ta bar hannun gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna tana zagaya su da ƙafa, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsaye. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. Yanzu da yumɓun tangaran take gini, a cike zanen da farar ƙasa, a lulluɓe da ruwan ƙyalli mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, a gasa a tanderu. Bayanta wasu mata suka biyo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. A cikin maza akwai Bawa Ushafa da Tanko Ashada da Hassan Lapai, da Kofi Athey wanda ya biyo Cardew daga Gana.

An baje kolin kayan Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962, tulunan Ladi suka ja hankalin masu saye. Ta je Ingila da Jamus da Faransa tana gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, matar da ba ta shiga aji ba. Ta sami lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Hoton da ke bayan takardar naira 20 tun 2007, na mace tana gina tulu, nata ne.

ABIN DA WUTA TA YI WA TULU

Yanzu mun zo inda muke so 'yan uwa su natsu. Tulun da Ladi take yi a Kwali mace takan ɗauke shi ta tafi rafi, ta ajiye a ɗaki ruwa ya yi sanyi, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Wanda ya fito daga tanderun Abuja kuwa siffarsa ɗaya da wancan, zanensa ɗaya, hannun da ya yi shi ɗaya. Amma ya yi nauyin da ba mai zuwa rafi da shi. Kafofinsa sun toshe, ba ya sanyaya ruwa. Kuɗinsa ya ninka sau da yawa, saboda itace da niƙan dutse da kwanakin aiki da suka shiga cikinsa. Ya tashi daga kayan ɗaki ya koma kayan kallo, mazauninsa ya zama falon masu hali da gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Haka sauran kayan ma. Ma'aikatan da aka yi lissafin za su sayi kofuna da farantan Abuja, mafi yawansu sun ci gaba da sayen langa da tangaran na kanti, waɗanda suka fi arha suka fi sauƙin ɗauka, kuma a idon mutanen lokacin sun fi burgewa. Masu sayen kayan cibiyar akasarinsu Turawa ne mazauna ƙasar da baƙi da 'yan kasuwar kayan fasaha na waje. An gwada buɗe rassa a Kano da Sakkwato ba su ɗore ba. Dalilin a fili yake. Ɗalibin da ya ƙware a kan keke in ya koma gida ba hannunsa kaɗai yake buƙata ba. Yana buƙatar bulo mai jure wuta, da injin niƙa dutse, da tulin itace, da mutanen da za su kwana suna hura wuta, da jarin da zai jure asarar gashi ɗaya ko biyu, da mai saye. A Abuja gwamnati ce ke ɗauke da wannan nauyi duka.

A duk tsawon waɗannan shekaru matan Kwali da Ushafa da Giri suna nan suna toya tukwanensu da ciyawa, suna sayarwa a kasuwannin ƙauye, ba tallafi ba albashi. Abin da ya rage musu ciniki daga baya roba ce da tukunyar ƙarfe da firji.

INA AKA KWANA?

Cardew ya yi ritaya a 1965 ya koma Ingila, ya rasu a 1983. Michael O'Brien ya karɓi cibiyar har zuwa 1972, daga nan ta koma hannun 'yan ƙasa, daga baya aka sa mata sunan Ladi Kwali. Da tsofaffin ma'aikata suka ƙare, kuɗin gudanarwa ya ja baya, sai aiki ya yi sanyi, kuma jaridu sun sha kawo rahoton yadda gine-ginen wurin suka lalace.

Duk da haka irin bai mutu ba. Danlami Aliyu, wanda ya taso a cibiyar, ya ci gaba da sana'ar a Minna, kuma da shi da O'Brien aka kafa masana'antar Maraba kusa da Kaduna. A Bwari ma akwai wadda Stephen Mhya ya kafa. Abin lura shi ne waɗannan ƙanana ne, kowace da mai ita a tsaye a kanta, kuma sun san masu sayensu. A Ushafa an kafa cibiyar mata magina a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wurin da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Wanda kuma ya bi hanyar Gwagwalada zai ga tukwanen Giri jere a bakin titi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu kawo wannan tarihi don mu kashe wa matasanmu gwiwa ba. Shawararsu tana da tushe. Abin da tanderun Abuja ya nuna mana shi ne zafin wuta ke yanke irin tukunyar da za ta fito, irin tukunyar kuma ita ke yanke wanda zai saya. Saboda haka tambayar farko ita ce, wa za mu sayar wa, kuma me yake so?

In kasaken furanni da randuna da tandar waina da asusu muke nufi, ba ma buƙatar irin tanderun Cardew. Ƙaramin tanderu da ba zai wuce digiri 900 ba ya wadatar, kuma gasasshen jan bulo da kwaɓin ƙasa suna iya ɗaukar wannan zafi. Bakin wuta a ƙasa, daɓe mai huji a tsakiya, kaya a sama, a rufe da tsingaro, a yi masa rumfar kwano mai tsawo saboda damina. Wannan zai tare iska, ya rage fashewa, kuma randa za ta fito tana sanyaya ruwa kamar yadda aka san ta. Bulon siminti kam kada ma a kawo shi kusa, wuta tana rugurguza shi.

In kuwa tangaran mai ƙyalli muke so, to mu san cewa masana'anta muke shirin kafawa, da kuɗin bulo na musamman, da gwani mai albashi, da shekarun gwaji. Mu kuma yi lissafin itace da gaske, don dajin da Cardew ya tarar a 1951 yau unguwanni ne, kowa ya san farashin itace da gawayi a kasuwarmu.

Akwai gargaɗi guda da ba za mu tsallake ba. Wasu sukan nemi ƙyalli a ƙaramar wuta ta hanyar zuba dalma, har da ta tsohon batirin mota. Kwanon da aka yi haka yana sakin guba cikin abinci, musamman mai tsami, kuma ƙurarsa tana cutar da mai aikin da 'ya'yansa. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Duk abin da ƙungiya za ta sa hannu a ciki, wannan ba ya ciki.

Shawarar ofishin sakatare ita ce kafin a fitar da ko kwabo, a tura mutum uku ko huɗu su je Ushafa da Giri da Bwari da Suleja su gani da idonsu, su tambayi nawa ake kashewa a gashi ɗaya, nawa ke fashewa, su wa ke saye. A ɗebi yumɓun da za mu yi aiki da shi a kai a gasa a tanderun wasu, mu ga yadda zai fito. A fayyace tun yanzu wa zai riƙe tanderun, wa zai gyara shi in ya tsage, don kayan kowa da kowa shi ne kayan da ba mai kula. Sannan iyayenmu mata masu wannan sana'a a gayyace su zama na gaba, a ba su wuri a gaba, a fara jin ta bakinsu. Cibiyar Abuja ta yi shekara biyu tana aiki kafin ta buɗe wa mace ƙofa, kuma sunan wannan macen ne ke kan cibiyar a yau.

Duk mai ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu na Suleja da suka ga wurin yana aiki, muna roƙon ya zo da shi zama na gaba. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a abin da muka tara.